Gwangwanin Ɓuntu da Na Kai Ingila

Tun da na dawo daga Ingila babu ranar da zan zauna a majalisarmu ta ƙofar masallaci a Tudun Wada, bayan La'asar, ba a tambaye ni labarin tafiyar ba. Wannan ya ce yaya sanyinsu, wancan ya ce da gaske ne ba sa gaisawa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa yana ɗaukar abin da ya ji yana ƙara masa gishiri. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta shi bi da bi, yadda aka koya mana rubuta rahoto: daga tashi zuwa isa, ba tare da ɓoye inda aka sami tangarɗa ba, ko wanda ya jawo ta.

Wanda bai san ni ba, shekara talatin da biyar na yi a aikin jirgin ƙasa, daga akawun kaya har na zama shugaban tasha. Kakana daga Katsina ya zo Minna lokacin da ake shimfiɗa layin dogo. Har yanzu mutane Masta suke kirana, ban kuwa hana su ba.

'Yata ta uku, Safiya, ta bi mijinta Abdullahi zuwa wani gari a arewacin Ingila, inda take karatun digiri na ƙoli a kimiyyar sinadarai. Sun daɗe suna roƙona in kai musu ziyara ina ja musu rai. Sai ga wasiƙarta a ƙarshen damina, shafi huɗu, wadda ba ta yi kama da sauran ba. Ta tuna mini cewa shekara biyu da suka wuce, da ta zo hutu, ta je Wushishi wajen dangin mahaifiyarta, ta ɗebi ruɓaɓɓen ɓuntun shinkafa a jujin bayan injin casa na Ndagi. Daga cikin wannan ɓuntun ta raini wata irin fumfuna, kuma a kan abin da fumfunar take fitarwa dukan karatunta ya dogara. To, fumfunar ta tsufa a hannunta, yawan dashe daga wannan faranti zuwa wancan ya raunana ta, ta daina ba da abin da ake nema. Wata tara ya rage mata. In ba ta sami sabuwa daga wuri ɗaya ba, aikin shekara uku ba zai kammalu ba. Ta haɗo da takardar izinin shigar da kayan, ta kuma ja layi a ƙarƙashin umarni uku: a tono daga ƙasan jujin ta gefen inuwa, a ɗebo da baƙinsa da korensa, kada a shanya.

Sau uku na karanta wasiƙar. Ba zan ce ban gane ba.

Na shiga mota zuwa Wushishi da kaina. Ndagi Banufe ne, mun san juna tun yana kawo buhunan shinkafa tasha, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin Bakatsine da Banufe. Yana ganina na nufi bayan injin da babbar riga sai ya biyo ni yana goge hannu.

“Masta, me Bakatsine ya ɓatar a jujina?”

Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya dafa bango.

“Ashe abin da ya rage muku ke nan. Wasu su kai wa Bature goro da jakar fata, kai ka kai masa juji.”

“Tona, Banufe,” na ce, “aikinka ke nan tun kaka da kakanni.”

Ya tona kuwa, har gwiwar hannu. Abin da ya fito baƙi ne, da ɗumi, da danshi, ya dunƙule kamar tsohuwar daddawa, ga wani kore-kore a jikinsa. Yana zuba mini a buhu yana cewa, “In sun buɗe a filin jirgi sun toshe hanci, don Allah kada ka ce na Wushishi ne. Ka ce daga Katsina ka zo da shi.”

Wasa ya yi, amma maganar ta bi ni har gida. Uwargidana Hajiya Asabe ta leƙa buhun ta ce, “Alhaji, wannan warin za ka haɗa akwati ɗaya da rigunanka?” Iyakar abin da ta ce ke nan, kada wani ya ɗora mata laifi. Ni ne na zauna na yi wa kaina hujja. Na ce tsaraba fuskar mai kawo ta ce. Na ce malamin yarinyar nan babban mutum ne, ban taɓa ganinsa ba, kuma abin da zan fara miƙa masa da shi zai auna gidan da ta fito. Na ce Safiya ta daɗe cikin littattafai, ta manta yadda ake yi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na baza ɓuntun, rana ta dake shi kwana uku. Na karɓi faifai na sheƙe shi, na bi shi da hannu na tsince duk wani baƙin dunƙule na zubar. Abin da ya rage ya yi fes, ja-ja, ba wari. Na zuba shi a wankakken gwangwanin madara, na ɗaure da ƙyalle fari. Wallahi a ranar jin kaina nake yi kamar wanda ya fitar da gida kunya.

Daga Minna jirgin ƙasa na bi zuwa Kano. Ba zan tsawaita a nan ba, sai dai in ce daga tasha zuwa tasha yaran da na koya wa aiki suna zuwa taga suna gaishe ni, gadin jirgin kuma bai bar kofina ya bushe ba. Wani Bafulatani dillalin shanu da muke kujera ɗaya ya daɗe yana kallon gwangwanin da na rungume, can ya ce, “Alhaji, magani ne?” Na ce masa kusan haka ne. Ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba, amma da zai sauka a Kaduna ya roƙi in sa shi a addu'a.

Jirgin sama ba baƙona ba ne, na yi aikin Hajji. A wannan karon wata 'yar kasuwa Inyamura ce kusa da ni, mai zuwa London sarin kaya kamar yadda mu muke zuwa Gwada cin kasuwa. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi ta ce da Hausarta ta Sabon Gari, “Baba, wannan riga iska zai shiga ta ko'ina. Akwai suwaita?” Na ce akwai a akwati. Ta ce akwati ba ya jin sanyi. Kafin mu sauka sai da ta sa na ciro rigar sanyi daga jakar hannu, ta kuma ba ni safa sabuwa daga cikin kayanta, ta ƙi karɓar komai. Ban san sunanta ba har yau. Allah ya saka mata.

A bakin shiga ƙasarsu na sami ma'aikacin kwastan, saurayi mai ladabi. Kilishin da Hajiya ta ɗauro wa 'yarta ya ɗauke, ya ba ni haƙuri sau biyu, ya ce dokarsu ba ta yarda da nama ba. Daddawa ya sansana ya yi baya, amma ya bar ta. Da ya zo kan gwangwani na miƙa masa takardar izini. Ya karanta, ya buɗe murfi, ya sake duba takardar.

“Ranka ya daɗe,” ya ce da Turanci, “takarda ta ce ɓuntu mai fumfuna. Ni ban ga fumfuna ba.”

Na gyara tsayuwa na ce masa, da Turancin da muka koya a makarantar Midil, ai ni na kula da wannan. Ya ɗaga kafaɗa ya buga hatimi. Da ina da kunnen ji, da a nan na fara jin tsoro.

Abdullahi ya tarye ni, muka kama jirgin ƙasa zuwa arewa. A nan dole in yaba. Na ciro agogon aljihuna kafin lokaci, ina kallon allon tasha ina kallon agogo. Hannun agogo yana hawa kan minti, jirgi ya motsa, ba usur mai tsawo, ba gudun fasinja da kaya a ka. Na lura da sigina, na lura da yadda ake sauya layi, na ga aiki ne na mutanen da suka yarda da juna. Abin da ban gane ba shi ne zaman taragon. Na shiga na yi musu barka da rana ɗaya bayan ɗaya, mutum biyar. Huɗu suka ƙara nutsewa cikin jarida. Na biyar, wani tsoho, ya sauke tasa ya dubi taga ya ce da alama za a yi ruwa. Abdullahi ya raɗa mini cewa gaisuwarsu ke nan, kuma tsohon ya girmama ni ƙwarai. Daga ranar duk wanda na haɗu da shi sai in ce masa da alama za a yi ruwa, ban kuwa taɓa yin ƙarya ba.

Ɗakinsu biyu ne kacal, ni kuma ba zan kwana bango ɗaya da surukina ba. Sun san haka, sun kama mini ɗaki a gidan maƙwabciyarsu, wata gwauruwa mai suna Misis Hilda, wadda marigayi mijinta ya yi aikin haƙar kwal. Mace ce mai tsabta da yawan magana. Bahon wankansu babba ne kamar kwalekwale, a cika shi a shiga ciki a zauna, abin da ban iya ba. Na nemi bokiti ta kawo mini wanda take wanke daɓe da shi, sai da Safiya ta sayo sabo. Buta babu, kwalbar madara ta zama butata. Abincinta dankali ne da kabeji da kifi, duk dafaffe da ruwa, kamar an yi wa mara lafiya. Na fito da yajina. Ta roƙi ta ɗanɗana, ta sha ruwa kofi biyu, hawaye na zuba, ta ce a ƙara mata.

Safiya ta rame. Da ta durƙusa ta gaishe ni, idonta na kan gwangwanin. Ta karɓe shi da hannu biyu, ta ce ba a buɗe irin wannan a gida, sai gobe a ɗakin aiki.

Da safe muka tafi. A bakin ƙofar ɗakin wani dattijo mai farar riga ya tare ni. Mista Arnold ke nan, mai kula da kayan aiki, shekara talatin yana wurin. Ya nuna hannun babbar rigata, ya nuna ƙananan fitilun wuta da ke ci a kan tebura, ya girgiza kai. Haka na tuɓe rigar da na ɗinka musamman don wannan rana, na sa farar riga irin ta malaman asibiti, amma hulata ban cire ba. Sai ga wani mutum da hular keke a hannu, gwiwar rigarsa da faci. Safiya ta ce, “Kolin, ga mahaifina.” Na dube ta da mamaki, don na gane shi ne Farfesan, malaminta, ga shi ta kira sunansa gatsau. Daga baya na ga kowa haka yake kiransa, kuma shi yake wanke kofin shayinsa, amma in ya buɗe baki ɗakin shiru yake yi. Girmansu ba a suna yake ba. Ni dai Farfesa na ci gaba da ce masa har na taho.

Safiya ta kai gwangwanin cikin wani akwatin gilashi, ta kwance ƙyallen, ta ɗaga murfi. Ta daɗe tana kallon ciki. Ta sa cokali ta juya har ƙasa.

“Baba, wannan na jujin Ndagi ne?”

“Na can ne. Gyara shi na yi.”

“An shanya?”

“Kwana uku. Na sheƙe, na tsince baƙin da hannuna.”

Ta mayar da murfin a hankali. Ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Baba.” Ta juya ta shiga wani ɗaki mai ƙofa mai kauri, ta rufe. Da ta yi mini tsawa, da ya fi mini sauƙi.

Farfesa ya tambayi abin da ya faru, na gaya masa ban rage komai ba. Bai ɓata fuska ba. Ya ce Safiya ta gaya masa aikina, saboda haka zai faɗa mini yadda zan gane: na kawo musu tarago mai kyau, amma na sauke fasinjojin a hanya. Mista Arnold kuwa ya ɗebi ɓuntun ya sansana.

“Ka wanke da ruwa?”

“A'a.”

“Ka ɗora a wuta?”

“A'a.”

“To, ba a yanke ƙauna ba tukuna. Irin fumfuna ya fi ƙura ƙanƙanta. Rana tana kashe da yawa, ba ta kashe duka.”

Ya ƙwanƙwasa ƙofar nan mai kauri, Safiya ta fito idonta ja, ta ce sanyin ɗakin ne. Suka jiƙa ɓuntun, suka shafa ruwansa a kan faranta na gilashi masu wani abu kamar daskararren kamu, suka jera su a cikin akwati mai ɗumi. Aka ce sai a jira. Mako uku ne zamana gaba ɗaya.

Ban je kallon gari ba. Kullum ƙarfe takwas ina bakin ƙofa, Mista Arnold ya ajiye mini kujera kusa da akwatin. Kwana biyu Safiya tana gaishe ni da ladabi, tana kawo mini shayi, ba ta ƙara komai. A rana ta uku na ce mata, tunda na ɓata abu, ya kamata in san abin da na ɓata. Ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce, “Baba, ka san in Inna za ta yi kunun zaƙi tana niƙa ɗanyen dankali ta zuba, kunun ya saki ya yi zaƙi ba da sukari ba? Akwai wani abu a cikin dankalin mai yanka gasara. Irinsa muke kira enzayim. Suna da yawa, kowanne da abin da yake yankawa. Nawa estares ake ce masa, fumfuna take fitar da shi don ta samu ta ci ɓuntu.”

Na ce to, me ya haɗa shi da karatunta? Ta ɗauki takarda ta zana. Ta ce sukari ba na shayi kaɗai ba ne, iri-iri ne, kuma daga haɗa su ake samun magunguna da wasu abubuwa. Kowace ƙwayar sukari kamar zobe take mai ƙugiya biyar. Mai haɗawa yakan toshe ƙugiyoyin duka, sa'an nan ya so ya buɗe guda ɗaya tak, don ya saƙala wani sukarin a daidai wurin. In ya yi amfani da sinadari mai ƙarfi, sai ya fizge matosan duka. Amma estares ɗinta yana zuwa ya cire guda, a wuri sananne, ya bar sauran.

Na ce, “Wato a cire tarago ɗaya daga tsakiyar jirgi ba a taɓa na gaba da na baya ba.”

Ta dube ni, ta yi murmushi karo na farko tun zuwana. “Haka ne, Baba.”

Daga nan ta zaga da ni. Na ga tuluna na gilashi a kan wani tebur mai girgiza kansa dare da rana, inda fumfuna take girma cikin romo. In ta ƙoshi sai a tace romon, a riƙa barbaɗa masa wani gishiri kaɗan-kaɗan har ya gurɓace, a sa a injin da ke juyawa da gudu har abin da ake so ya kwanta a ƙasa. Amma wannan kwantaccen ba estares kaɗai ba ne, taron jama'a ne. Don a ware shi ne aka gina ɗakin nan mai ƙofa mai kauri. Na shiga na ji abin mamaki: a ƙasar da sanyi ya ishi kowa, sun keɓe ɗaki suna ƙara masa sanyi da inji, don zafi yana kashe enzayim. A ciki akwai bututun gilashi mai tsawon mutum, cike da wani farin abu. A zuba romon ta sama, ya riƙa sauka a hankali, wani abu ya yi sauri wani ya makara, ta ƙasa kuma yana ɗiga cikin 'yan kwalabe da ke kan faifai mai juyawa, kowace ta karɓi rabonta ta matsa. Na tsaya ina kallo har haƙorana suka fara haɗuwa. Ban taɓa ganin filin rarraba taragu da ya kai wannan tsari ba.

Yadda ake gane kwalbar da estares ya faɗa shi ya fi burge ni. Akwai wani ruwa fari kamar na rijiya. In an ɗiga masa abin da ke da estares, sai ya koma ruwan ɗorawa. In babu, ya zauna yadda yake. Bayan an tace shi sarai, sai a shiga sanin halinsa: zafin da yake jurewa, tsamin da yake so, nauyinsa, irin sukarin da yake kamawa da wanda yake ƙi. Safiya ta ce kamar yadda ake binciken mutum kafin a ba shi aure. Rabin wannan binciken ta yi fumfunar ta gaza. Mista Arnold ya nuna mini littattafansa na aiki, shekara da shekaru, kowace rana da abin da aka yi, har da ranar da shi da kansa ya zubar da romon wata guda. Ya rubuta, ya sa hannu. Na ce masa da a tashata yake, da ban bar shi ya yi ritaya ba.

Ran kwana biyar faranta suka tsiro. Kore, baƙi, fari kamar auduga, wani kamar ƙasa-ƙasa. Na yi hamdala a fili. Safiya ta ce in dakata, gari ya cika da baƙi amma ba a san ko wanda ake nema yana ciki ba. Ta kwana biyu tana duba su a madubin ƙara girma, ta zaɓi goma sha huɗu masu kama da tata, ta ba kowace tulunta, aka ɗora a tebur mai girgiza. Wani jiran kuma, na fiye da mako.

A cikin wannan jiran ne na yi Juma'a a wani gida da 'yan Pakistan suka mayar masallaci, suka riƙe ni cin shinkafa mai yaji, na ji kamar na dawo duniya. A cikinsa ne kuma na ba Misis Hilda labarin abin da na yi, muna shan shayi da yamma. Ta saurara har ƙarshe ta ce, “Ka faɗa wa yarinyar haka?” Na ce a wurinmu uba ba ya ba 'yarsa haƙuri, sai dai ya nuna a aikace. Ta ce a wurinsu ma haka tsofaffi suke, shi ya sa ɗanta sau ɗaya yake rubuto mata a shekara. Ta tashi ta kwashe kofuna.

Ranar Asabar zan tashi, ranar Alhamis da hantsi aka yi gwajin. An jera kwalabe goma sha huɗu da farin ruwan nan a ciki. Farfesa ya zo ya tsaya a baya da hannu a aljihu. Safiya ta ɗebi romon tulu na farko ta ɗiga. Babu komai. Na biyu babu. Na uku ya yi wani ɗan disashi, Mista Arnold ya ce wannan kowace fumfuna tana yi. Aka yi ta tafiya. Ni da na saba tsayuwa a gaban jirgin da ya makara da fasinja ɗari suna zagi, a ranar sai na koma kujerata na zauna. Na tara, na goma, duk fari. Ta tsaya ta goge hannunta a jikin riga.

Na goma sha ɗaya, kafin ta ajiye abin ɗigawar, kwalbar ta rine. Ruwan ɗorawa sosai, yana ƙara duhu muna kallo. Farfesa ya dubi agogon bango, ya sa aka sake da sabuwar kwalba, ya ƙidaya daƙiƙoƙi, ya buɗe tsohon littafin Safiya ya gwada. Mista Arnold ya ce, “Shi ne.” Farfesa ya ce da alama shi ne, amma sai ya bi ta bututu an ga halinsa kafin a rantse. Haka suke, ba sa yabon kwana sai gari ya waye. Sauran ukun ma sai da aka gwada su, ba a bar su ba don an sami abin da ake so.

Safiya ta tsaya da kwalbar a hannu tana kallonta. Na miƙe na je kusa da ita, na yi magana da Hausa.

“Safiya, kin rubuto mini umarni uku, na karanta na gane, na saɓa don kada a raina ni. Kuskurena ne. Ki yafe mini.”

Ta sunkuyar da kai. “Baba, kada ka faɗi haka a gaban mutane.”

“Ai ba sa jin Hausa.”

“Ni ina ji,” ta ce. Sai ta miƙa mini kwalbar ta ce in riƙe mata, ta koma ɗakin sanyi. Wannan karon ba ta rufe ƙofar ba.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Misis Hilda ta riƙe ragowar yajina, Mista Arnold ya raka ni har tasha, muka tsaya tare muna duba agogo har jirgi ya shigo a kan lokaci.

Bayan wata biyu wasiƙar Safiya ta iso. Ta ce an tace estares ɗin, shi ne, kuma ya fi na da ƙarfi. Za ta gama cikin lokacinta in Allah ya so. A shafi na biyu ta ce akwai abin da ya kamata in sani tun yanzu. Ƙa'idar aikinsu ita ce a rubuta duk abin da aka yi daidai yadda aka yi shi, domin wani ya iya maimaitawa. Saboda haka a cikin kundinta, inda ake faɗin asalin fumfunar, dole ta rubuta cewa ɓuntun daga Wushishi yake, an shanya shi a rana kwana uku, an sheƙe, an tsince baƙinsa. Ta ce ta roƙi Farfesa ko za a bar wannan layin, ya ce a'a. Kundin zai zauna a ɗakin karatunsu, duk mai so ya karanta.

Na ɗauki alƙalami na ba ta amsa a ranar. Na ce Farfesa ya yi daidai, kada ta rage ko harafi. Na ce kuma, tunda gaskiya ake so cikakkiya, ta ƙara cewa a kan tabarma aka shanya, da faifai aka sheƙe, kuma a rana ta biyu hadari ya taso an kwashe shi tun kafin La'asar.